Wutar da jiki ke kunna wa kansa: lacca kan fararen ƙwayoyin jini da aka yi a Gadarif

Wani ɗan'uwanmu likita, haifaffen Maiwurno, mai koyar da ilimin jini, shi ya yi wannan lacca a farfajiyar wata makaranta a garin Gadarif na ƙasar Sudan bayan la'asar, ana tsakiyar yankan riɗi. A waya aka ɗauke ta, na zauna na rubuta. Na rage gaishe-gaishe, na kuma tsallake wuraren da iska ta cinye murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu maza da mata, sannunku da fitowa. Ɗalibai da ma'aikatan lafiya da ke tsaye can baya, ku matso, akwai wuri a tabarma.

Akwai kalmar da na fi ji a bakin mutanenmu tun ranar da na fara aiki. Dattijo zai zauna a gabana, in ce Baba me ke tafe da kai, ya ce, “Likita, an ce iltihabi ne.” Mai ciwon maƙogwaro iltihabi, mai zafin fitsari iltihabi, tsohuwar da gwiwa ta hana ta ruku'u iltihabi, yaron da ƙirjinsa ke kuka cikin dare shi ma iltihabi. Daga nan sai ajzakhana, wato kantin magani, a sayo kafso iri ɗaya, kowa ya kora da ruwa. Wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, shi ya kawo ni yau.

Malaman Larabci sun fi ni sanin cewa iltihab daga lahab ta fito, harshen wuta. Kuma sunan ya dace. Wani marubuci na daular Rum, Selsus, kusan shekara 2,000 da suka wuce ya lissafa alamominsa huɗu: ja, kumburi, zafi, raɗaɗi. A fatarmu jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya yi duhu yana ƙyalli, amma ka ɗora bayan hannunka a kan maruru, sauran ukun za su gaishe ka. To, wa ya kunna wutar? Yawancinmu za mu ce ƙwayar cuta. A'a, jikinka ne ya kunna. Manoman da ke nan sun san irin wannan wuta: kai da hannunka kake cinna wa gona don ka ƙone ciyawa, kana kuma sane da cewa in iska ta juya, rumbunka ma bai tsira ba.

Masu riƙe da ashanar su ne fararen ƙwayoyin jini. A ɗigon jini kamar kan fil, abin da muke kira maikurolita ɗaya, akwai jajayen ƙwayoyi wajen miliyan 5, farare kuwa tsakanin 4,000 da 11,000. In an ba ku takardar fahas, wato ta gwajin jini, wannan adadin kuke fara dubawa. Amma jimilla ce kawai, kamar a ce maka mutum nawa ne a kasuwa ba a faɗa maka mahauta nawa, maƙera nawa ba.

Da za ku bi ni ma'amal, ɗakin gwaje-gwajenmu, ga abin da za ku gani. In soki yatsa, in ɗiga jini a gilashi, in ja shi da wani gilashin ya yi shimfiɗa siririya, ya bushe, in zuba rini. Sai in sa ido a madubin ƙara girman abu. Mafi yawansu, rabi zuwa kashi 70 cikin 100, cibiyarsu, wato dunƙulen da ke tsakiyar ƙwayar, a gutsuttsure take gida uku ko huɗu kamar 'ya'yan carbi a zare: niyutirofil ke nan. Ga wata cike da ƙwayoyi ruwan lemo masu sheƙi, cibiyarta biyu kamar tabarau: iyosinofil, ba ta cika wuce kashi 5 ba. Ga wata da baƙaƙen ɗigo suka rufe mata fuska, sai ka ƙirga ɗari biyu kafin ka gamu da ɗaya: basofil. Ga babba mai cibiya kamar ƙoda, monosayit. Ga ƙarama, kusan duk cibiya ce, limfosayit, kashi 20 zuwa 40. Shekara da shekaru ina kallon wannan, har yau in na ga iyosinofil ta fito da kyau sai na ɗan dakata.

Wanda ya fara rarrabe su da rini Bajamushe ne, Paul Ehrlich. A 1878, yana ɗalibi ɗan shekara 24, ya ga wasu ƙwayoyi a cikin naman jiki, ba a jini ba, cike maƙil da ƙananan buhuna. Ya ɗauka ƙoshi ne, ya sa musu suna mast, kalmar Jamusanci ta kiwon turke, irin yadda muke ɗaure rago mu cika shi da dusa kafin layya. Sunan ya zauna, amma fahimtar ta sauya. Ba abinci ne a buhunan ba. A 1953 wasu masu bincike biyu a Sikotilan, Riley da West, suka nuna cewa histamin ne a ciki.

Yanzu ku riƙe mini abu guda, don duk sauran maganar a kansa take rataye. Sinadaran da waɗannan ƙwayoyi ke saki ba lokaci ɗaya suke fitowa ba. Hajiya, in baƙo ya yi sallama da rana tsaka, akwai fura a ƙwarya, nan take a miƙa masa. Shayi sai an ɗora buta, minti kaɗan. Tuwo kuwa, in dawar ma ba a surfa ba, sai ya yi haƙuri zuwa dare. Haka jiki yake. Akwai abin da ke ajiye a buhu, kamar histamin, cikin daƙiƙoƙi ya fita. Akwai wanda ake haɗawa nan take daga kitsen bangon ƙwayar, su furostagilandin da liyukotirayin, minti kaɗan. Akwai kuma wanda sai an koma cibiya an buɗe kundin gado an karanta sannan a ƙera shi, su ne sayitokayin, wannan sa'o'i yake ci. Kowace farar ƙwaya da irin girkin da ta iya. Wata furarta kullum a dame take, wata ba ta da fura sam, sai tuwo.

Mu ɗauki ƙaya, tunda ba wanda ke zaune a nan da ƙayar dushe ko ta aduwa ba ta taɓa shiga ƙafarsa ba. Ilimin nan ma da ƙaya ya fara. A 1882, a garin Mesina na Italiya, wani masani daga ƙasar Rasha, Mecinikof, ya soka ƙayar fure a jikin ɗan tsakon tauraruwar teku, wanda jikinsa garau yake kamar ruwa. Da gari ya waye ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Shi da Ehrlich suka raba kyautar Nobel ta 1908.

Ƙaya ta shiga. Na farko da zai motsa shi ne mast, don yana zaune ne a fata kusa da jijiyoyin jini, yana iya yin watanni a wurin. Ya zazzage buhunansa. Histamin ya buɗe ƙananan jijiyoyi, jini ya kwararo, ga zafi ga ja. Ya sa bangonsu ya yi 'yan kafofi, ruwa ya tsattsafo, ga kumburi. Ya taɓa jijiyar ji, ga ƙaiƙayi. Kusa da shi akwai makirofaj, mai gadin wurin, wanda ke haɗiye duk abin da bai gane ba. Shi ba mai fura ba ne. Sai ya ɗanɗana abin da ya shigo, ya koma ya fara ƙera saƙonni: TNF, intalukin 1, intalukin 6, da intalukin 8 wanda aikinsa kiran niyutirofil. Saƙonnin nan suna sa bangon jijiya ya yi danƙo, niyutirofil da ke wucewa cikin jini ta fara mirginawa a hankali, ta manne, ta matse jikinta ta kutsa ta fito.

Niyutirofil ba ta da haƙuri kuma ba ta da tsawon rai. Ɓargon ƙashinka yana ƙera wajen biliyan 100 a kowace rana, don haka yake asararsu. In ta iso, haɗiya take yi, sannan ta zuba wa abin da ta haɗiya guba. Tana da wani sinadari, mayelofaroksides, da ke haɗa ɗan'uwan kulor ɗin nan da ake zuba wa ruwan sha lokacin kwalara. A cikin jikinka ake haɗa shi, yanzu haka da muke zaune. Tana da masu narkar da nama irin su elastes. Tana sakin liyukotirayin B4, wanda ba abin da yake cewa sai ku zo, ku zo, sai 'yan'uwanta su yi ta tururuwa. A 2004 masu bincike a Balin suka gano wani abin: in ta ƙure, sai ta warware zaren gadon da ke cibiyarta ta watsa shi waje kamar taru, ƙwayoyin cuta su maƙale. Gubar nan ba ta san naka da na baƙo ba, shi ya sa gefen maruru ke narkewa. Mugunyar da kuke matsewa gawarwakin niyutirofil ce, kuma ɗan koren da kuke gani a cikinta, ko a majina, launin wancan sinadarin ne. Saboda haka koren majina kaɗai bai isa hujjar shan kafso ba; mura ta bairos ma tana kawo shi.

Kwana ɗaya zuwa biyu, sai monosayit su iso daga jini su rikiɗe su zama makirofaj. Wannan wurin nake so ɗalibai su lura da shi, don littattafai da yawa suna wucewa da sauri. Makirofaj ɗin da ya kira taron, shi ne kuma mai sallamar taro. Da ya fara cin gawarwakin niyutirofil sai harshensa ya sauya, ya daina TNF ya koma sakin intalukin 10 da wasu masu cewa a kwantar, a fara ɗinki. Mutuwar wutar ma aiki ce da jiki ke yi da gangan. In wannan sauyin bai samu ba, ciwo ya zama ɗan gida.

Na ga haka a gidanmu. Kawuna manomi ne a bakin kogi, bai san takalmi ba sai ranar Juma'a. Wani ɗan kumburi ya fito masa a tafin ƙafa, ba zafi, ya yi shekaru yana cewa ai ƙaya ce. Ina yaro nake riƙe masa fitila yana matsawa, wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar ɗan barkono suna fitowa ta ƙananan kafofi, ya share da tsumma ya ɗaure. Nabit ne, wanda ake kira madura. Naman gwari ne ya bi ƙaya ya shiga, ya dunƙule ya yi wa kansa ɓawo. Da na girma na ga irin wannan ƙwaya a madubi: ga ta a tsakiya, niyutirofil sun yi mata zobe, bayansu makirofaj, bayansu tabo. Shekara goma suna zuba guba a kan abin da ba ya narkewa, naman ƙafa da ƙashi su ke shan wahalar. Kawu ya rasa ƙafar. Jami'ar Khartum ta kafa cibiyar binciken wannan cuta a Soba, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. Don Allah, kumburin ƙafa marar zafi da ya wuce wata guda, a kai shi a duba tun yana kamar gyaɗa.

Wannan duk a wuri ɗaya ne. To zazzaɓi fa, da ke kama jiki gaba ɗaya? Saƙonnin makirofaj ne suka shiga jini. Intalukin 1 da TNF da intalukin 6 suna isa wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa da ke riƙe da ma'aunin zafin jiki, a can a haɗa furostagilandin E2, ma'aunin ya ɗaga. Jikinka yana 37, an ce masa ya kai 40, sai ya ga kansa cikin sanyi. Shi ya sa mai maleriya ke karkarwa yana neman bargo a watan Afrilu. Kuma abin da ya sa take zuwa tana komawa: ƙwayar maleriya tana girma cikin jajayen ƙwayoyi, su fashe kusan tare, dattin ya watsu, monosayit su saki TNF a lokaci guda. Farasitamol yana sauke ma'aunin ne kawai, bai taɓa ƙwayar maleriya ba. Jiki ya yi sanyi, uwa ta ce Alhamdu lillahi ya samu sauƙi, ƙwayar kuwa tana can tana hayayyafa.

Intalukin 6 yana kuma zuwa hanta ya ce ta ƙera CRP, gwajin nan da ake yawan rubuta muku. CRP ya hau, ma'anarsa akwai hayaƙi a gari. Bai faɗa maka gidan wa ba, bai faɗa maka wa ya kunna ba.

TNF yana da labarin da makiyaya za su gane. Wani masani Ba'amurke, Anthony Cerami, ya yi mamakin yadda dabbar da ta kamu da sammore ke ramewa har ƙashi alhali ƙwayar cutar da ke jininta ba ta kai ta cinye wannan naman ba. Ya bi sawu, ya samu wani sinadari da makirofaj ɗin dabbar ke saki, mai hana jiki ajiye kitse. A 1985 aka tabbatar shi ne TNF ɗin da wasu suka gano tun 1975 ta wata hanya dabam. Ramar mai tarin fuka da ta mai kalazar, akwai hannun wannan sinadari a ciki.

Na ambaci kalazar, kuma a Gadarif nake, ba sai na kwatanta muku ita ba. Kun san ƙudan da ke cizo da dare a dajin dushe da aduwa, a baƙar ƙasar nan mai tsagewa. Kun san yaro da zazzaɓin makonni, saifa ta cika ciki. Abin da ya sa cutar nan ke da wuya, ƙwayarta a cikin makirofaj take zama, cikin tukunyar da aka tanada don dafa ta. Makirofaj ba zai iya kashe ta ba sai an ba shi izini, kuma mai ba da izinin limfosayit ne. Limfosayit ba ta da buhun guba irin na niyutirofil, yawancin aikinta umarni ne, kuma tana ɗaukar kwanaki kafin ta shirya. Wani rukuninta yana sakin intaferon gama, wanda ke ce wa makirofaj hura wutar tukunyarka. A jikin mai kalazar, intalukin 10, mai cewa a kwantar, shi ke rinjaye, sai izinin ya zo ba a ji shi ba. Ga gari cike da ɓarayi, ga mai shela yana cewa kowa ya koma barci. Allurar kwana 17 da ake yi, fentostam da faromomaisin, tana rage ƙwayar har jiki ya farfaɗo. Ƙurajen da ke fesowa a fuskar yara da yawa watanni bayan magani, mafi yawa alamar farfaɗowar ce: garkuwar jiki ta dawo ta tarar da ragowar ƙwayar a fata. Ko rinin da na ce ina zubawa a gilashi, sunan Lishman yake ɗauke da shi, likitan nan da aka sa wa ƙwayar kalazar sunansa.

Wani rukunin limfosayit kuma wani yare yake yi: intalukin 4, 5 da 13. Wannan shi ne yaren tsutsa. Tsutsa ta fi ƙarfin haɗiya, don haka sai a kira iyosinofil, wadda ke manne mata ta zazzage mata sinadarai masu ƙona fata daga waje. 'Yan'uwanmu da ke aiki a hawashohin Jazira, wato gonakin ban-ruwa, masu wuni cikin ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin, tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, in ka duba jininsu sau da yawa iyosinofil ta hau, saboda tsargiya. A nan ma wutar gida ce ke ɓarna. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a hanta, jiki ya kewaye kowane ƙwai, intalukin 13 ya ce a yi tabo, tabo kan tabo har hanyar jini ta toshe. Mutum ya kai shekara 35 ya fara aman jini. Kafso ba ya taɓa wannan. Farazikwantel ne maganinta, kuma tun kafin tabon ya kafu.

Wannan yaren tsutsar shi ne ke kuskure ya zama hasasiya, wato jiki ya yi ta yaƙar abin da ba ya cutarwa. Jiki ya ɗauki ƙurar guguwar habub ko ƙaiƙayin dawa a matsayin tsutsa, ya ƙera wani makami, IgE, wanda aka gano a 1966 zuwa 1967, ya liƙa shi a jikin mast da basofil. Ranar da ƙurar ta dawo, buhuna su fashe: atishawa, hawaye, borin jini. Mast da basofil kamar 'yan uwa suke, dukansu suna da histamin, amma mast a nama yake, yana sakin tiriftes da furostagilandin D2 da yawa, basofil kuwa a jini take, kwanakinta kaɗan, ta fi ƙwarewa a intalukin 4, mai ƙara iza wutar.

Mai asma ya san abin da zan faɗa. Ya shaƙi ƙura da la'asar, ƙirji ya riƙe, ya shaƙi bakhakh, maganin nan na fesawa a baki, ya sake. Tsakar dare kuma abin ya dawo, ba ƙura ba komai. Na farkon fura ce da shayi: histamin da liyukotirayin na mast. Na biyun tuwo ne: saƙonnin da aka aika da la'asar sun kawo iyosinofil da basofil bayan sa'o'i. Kuma wajen shaƙe hanyar numfashi liyukotirayin ya ninka histamin ƙarfi sau ɗaruruwa, shi ya sa ƙwayar hasasiya da ke tsayar da atishawa ba ta buɗe ƙirjin mai asma. Bakhakh mai shuɗi yana buɗe hanya ne na ɗan lokaci. Mai kotizon, na kullum, shi ke hana iyosinofil taruwa.

Kun ga yanzu abin da ya sa kafso ɗaya ba zai yi wa kowa ba. Kafson mudad hayawi, wato antibayotik, bakteriya yake kashewa, bai san histamin ba, bai san tsutsa ba, bai san bairos ba. Asfirin da burufen, kamar yadda John Vane ya nuna a Landan a 1971, furostagilandin suke hana haɗawa, sai raɗaɗi da zazzaɓi su sauka. Amma furostagilandin ɗin nan shi ke kare bangon ciki da ƙoda, kuma wasu masu asma in an toshe wannan hanya sai kitsen ya karkata ta hanyar liyukotirayin, ƙirji ya rufe. A lokacin zazzaɓin dengi kuma, da ya sha zuwa mana nan da Kasala, su ne ke ƙara haɗarin zubar jini. Wanda kuma allura ko harbin zuma ya sa mast ɗin jikinsa duka suka fashe lokaci ɗaya, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe, jiri ya ɗebe shi, ba ƙwayar hasasiya zai jira ba, adirenalin ake soka masa a cinya nan take. Ma'aikatan lafiya, ku tabbata akwai shi a durowarku kafin ku ɗaga sirinji.

Sai kotizon, su deksametazon. Shi cibiya yake shiga ya rufe kundin, tuwon gaba ɗaya ya fasa dahuwa. Magani ne mai girma. A watan Yunin 2020 wani babban gwaji a Ingila ya nuna ya rage mutuwar masu korona da ke kan na'urar numfashi da wajen kashi ɗaya cikin uku. Amma a gwajin nan dai, waɗanda ba su kai ga buƙatar iskar oksijin ba bai amfane su ba. Magani ɗaya, cuta ɗaya, lokaci ne ya bambanta. Shi ne kuma 'ya'yanmu mata ke saya a kasuwa don su yi ƙiba kafin biki, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira sha-ka-fashe. Iyaye mata, da ku nake. Yarinyar da ke shan wannan a garin da ke da kalazar da tarin fuka, ta sallami masu gadin gidanta ne. Fuska ta cika, sukari ya hau, ƙashi ya yi laushi. Kuma wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, wannan ma haɗari ne. A kawo ta a sauke mata a hankali.

A nan aka ba da damar tambaya. Wata dattijuwa ta miƙo takarda ta ce 'yarta ce, lafiyarta ƙalau, amma duk fahas sai a ce fararen ƙwayoyinta sun yi ƙasa, har an sa ta sayen maganin ƙarin jini sau uku.

Inna, Allah ya saka da alheri, kin taɓo abin da ya shafe mu duka. Na ga jimillarta 3,600, niyutirofil 1,400, sauran layukan lafiya. Tana yawan zazzaɓi? Gyambon baki? Maruru a kai a kai? Ta rame? To madalla. Ba zan yanke hukunci daga takarda ɗaya a tsakar fili ba, ki kawo ta in gan ta. Amma ga abin da na fi zato. Akwai wata alama a jikin jajayen ƙwayoyin jini da ake kira Dafi, sunan wani majinyaci ne da aka fara ganinta a jininsa a 1950, ba dafin maciji ba. Kusan duk mutanen Afirka ta Yamma ba su da ita, kuma kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa, na hanyar hajji da waɗanda suka biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, da wannan jinin suka iso bakin Nilu. Rashinta yana ba da kariya daga maleriyar baibaks, wadda ke bi ta wannan ƙofa ta shiga jan ƙwaya, ko da yake an samu masu kamuwa duk da haka a nan Sudan da Habasha. Wanda ba shi da ita, niyutirofil ɗinsa da ke yawo a jini sukan yi ƙasa da adadin da ke gefen takarda, don wancan adadin a jinin Turawa aka auna shi. Ɓargonsa yana ƙerawa, ƙwayoyinsa suna aiki, ba ya fin kowa kamuwa da cuta. Maganin ƙarin jini kuwa na jajaye ne, ba ruwansa da wannan layin.

Inda abin ke da muhimmanci shi ne ranar da za a ba mutum maganin da ake duba niyutirofil kafin a ba shi, kamar na kansa, sai a ga adadin a tsorata a jinkirta. Ki adana takardun nan uku wuri ɗaya, Inna, kada ki yar. Duk likitan da za ta gani nan gaba, ta nuna masa ya san inda jininta ya saba tsayawa tana lafiya.

Wani matashi ya ɗaga hannu yana tambaya kan kaluluwa, sai aka kira magariba. Likita ya ce ya same shi bayan salla.